Hancin Lachlan MacAffer

Lachlan MacAffer bai taɓa riƙe wani babban muƙami ba. Ya yi kusan shekara hamsin a gidan wiski na Ardvellan, a bakin teku ta kudancin tsibirin Islay na ƙasar Scotland, kuma har ya bar aikin sunansa mai kula da sito. Amma a garin idan ka ce "Hanci", kowa ya san wanda kake nufi.

An haife shi 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu, a wani ɗan gidan dutse da ke gefen fadama. Mahaifinsa, Dugald, shi ne mai hura wutar ɗakin da ake busar da tsiron sha'ir. Tsibirin ba shi da itatuwan kirki, don haka da moine ake hura wutar, wato baƙar ƙasar fadama da ake yankowa kamar tubali, a jera ta a rana ta bushe. Ba ta ci bal-bal, sai dai ta yi ta turnuƙe hayaƙi mai nauyi. Hayaƙin ya ratsa sha'ir, daga sha'ir ya bi tukunyar tagulla, daga nan ya bi ganga har cikin kwalba. Da moine ɗin ake girki, da ita ake jin ɗumi, shi ya sa kowa a Ardvellan ƙaurin hayaƙi yake yi, tun daga jariri har fasto.

Uwar Lachlan ce ta fara lura da baiwarsa. Ta dawo daga unguwa wata rana, tun ba ta cire mayafi ba, sai ya ce, "Inna, kin biya gidan Peigi."

"Wa ya faɗa maka?"

"Mayafinki. Hayaƙin gidansu da gishiri-gishiri yake."

Gaskiya ne kuwa, mutanen gidan Peigi kusa da teku suke yankan moine ɗinsu. Uwar ta riƙe haɓa ta ce, "To, ni dai na shiga uku. Yanzu ko gulma mutum ba zai je ya yi a ɓoye ba."

Da ya bar makaranta sai aka ɗauke shi aikin mirgina ganguna. A wancan zamani akan zuba wa ma'aikata ɗan kurɓi safe da yamma, sabon wiski fari fat wanda bai kwana a ganga ba, mai zafi kamar a kunna ashana a baki. Wata rana da hantsi Ruari, tsohon da makullan sito ke hannunsa, ya ga Lachlan ya ɗaga kofi ya juye a maƙogwaro yana yamutsa fuska.

"Kai, ɗan Dugald! Magani aka ba ka?"

"A'a, Kawu."

"To me ya yi maka kake haɗiye shi kamar za a ƙwace? Biyo ni."

Siton dogo ne, rufinsa ƙasa-ƙasa, daɓensa na turɓaya, bangon da ke kallon teku kullum a jiƙe. Ruari ya tsaya a gaban wata ganga da aka cika tun Lachlan yana rarrafe. Ya buge marfin, ya zura dogon bututun tagulla ya zuƙo, ya tsiyaya a ƙaramin kofin gilashi. Launin zuma ne, mai ɗan duhu.

"Kada ka kai baki tukuna. Baki ba abin da ya sani sai zaƙi da ɗaci da tsami da gishiri. Sa hanci. Kai, ba haka ba, ƙone shi za ka yi! Daga nesa, bakinka a ɗan buɗe. Yawwa. Me ka ji?"

"Hayaƙi."

"Ko tunkiya ta ji hayaƙi. Me ke bayansa?"

Lachlan ya rufe ido. Da farko hayaƙin ya tare ko'ina. Da ya ƙara haƙuri sai ya ji ya ɗan ja gefe, wasu abubuwa suka fara leƙowa. Ga igiyar jirgin ruwa da aka shafa wa kwalta. Ga ciyawar teku da ta bushe a kan dutse. Ga ƙamshin maganin nan da nas ke shafa wa mutum a ciwo. Can ƙasa kuma, a ɓoye, wani zaƙi kamar na tuffa da aka gasa a cikin toka. Ya faɗa wa tsohon ɗaya bayan ɗaya yana jin kunya, don gani yake shirme yake yi. Ruari ya karɓi kofin. Ya ɗiga ruwa kaɗan a kofin, ya kaɗa, ya sake miƙa masa. Sai ga tuffar ta taso sama, hayaƙin ya koma baya ya yi laushi.

"Yanzu kurɓa. Kaɗan. Bar shi ya zauna a harshe."

Ya fara da yaji, sannan ya bazu da maiƙo-maiƙo, gishiri ta gefen harshe, zaƙi a tsakiya. Da ya haɗiye sai ɗumi ya gangara ƙirji a hankali, hayaƙin kuma ya juyo ta ciki ya fito ta hanci, ya daɗe bai tafi ba, kamar murhun da wutarsa ta mutu amma dutsen yana nan da zafi. Lachlan ya dubi kofin da ke hannunsa. Bai taɓa sanin cewa abin da ubansa ke shaƙar hayaƙi dominsa, har idanunsa suka yi ja, haka yake zama ba. Washegari Ruari ya je wurin manaja ya ce a ba shi yaron nan a sito.

Ya auri Effie Currie, mai dafa abinci a makarantar garin. Ubanta giya ce ta kashe shi, don haka tun tana budurwa ta rantse ba za ta kai ta baki ba. Ranar da Lachlan ya nemi aurenta ta ce, "Zan aure ka, amma kwalba ba za ta kwana a gidana ba." Suka yi ta ciniki har ta yarda da kwalba ɗaya tak, ta baƙin sabuwar shekara, a can saman kabad inda sai an taka kujera. Bai sha wahalar cika alkawarin ba, domin shi ba mashayi ba ne. Yakan sansana ganga talatin a yini bai haɗiyi cokali biyu ba. Suka haifi 'ya ɗaya, Mairead.

A farkon shekarun tamanin kasuwar wiski ta faɗi. Wata safiya aka tara ma'aikata a tsakar gida, wani mutum da ya zo daga birni ya karanta musu sanarwa cewa an rufe gidan wiskin. Aka kashe wutar ɗakin sha'ir, tukwanen tagulla suka huce. Amma gangunan da ke sito ba a iya barin su ba mai kula, kuma Ruari ya riga ya rasu, saboda haka aka sallami kowa aka bar Lachlan shi kaɗai. Ƙanensa Neil na cikin waɗanda aka sallama. Ya kwashe iyalinsa ya koma birnin Glasgow, wasu suka bi shi, gidaje suka yi ta rufewa. Idan Lachlan ya shiga kanti sai hira ta tsaya. Ba wanda ya taɓa faɗa masa baƙar magana, amma ya san abin da ake tunani. Ba shi ya rufe ba, ba shi da ikon buɗewa.

Shekarun nan ya yi su ne yana zagaya ganguna shi kaɗai, yana ƙwanƙwasa su, yana bin hancinsa zuwa wadda ta fara yoyo tun kafin ido ya gani. Lokaci lokaci babbar mota ta zo ta kwashi wasu, a kai su birni a gauraya da na wasu wurare. Har da waɗanda ya san babu kamarsu. Yakan taya a ɗora su a mota, ya tsaya a bakin ƙofa har ta sha kwana.

Sai da Mairead ta girma ta yi aure a Paisley, kusa da Glasgow, sannan wasu suka sayi gidan wiskin suka sake hura wuta. Sabuwar manajar, Rhona Lennox, sa'ar 'yarsa ce, kuma ita ma tana da hanci. Tun satin farko ta shigo sito da takalman roba ta ce, "Baba Lachlan, an ce kai ka san gangunan nan. Gabatar da ni."

Wannan ne lokacin da ya fi jin daɗi a rayuwarsa. Su biyun sukan tsaya kan ganga ɗaya su yi ta musu kamar 'yan kasuwa.

"Ɓawon lemo nake ji," in ji Rhona.

"Lemo a ina, 'yar birni? Wannan kifi ne aka banda, aka ajiye kusa da buhun zabibi."

"Haba Baba, wa zai sayi kwalba idan na rubuta masa kifi?"

"Wanda ya san abin da yake sha."

Wani lokaci ita ce da gaskiya, ya sake sansanawa ya ce, "To, akwai lemon. Amma ƙarami ne." Tsofaffin gangunan da ya yi gadinsu shekara da shekaru suka zama abin nema, mutane suka fara zuwa daga ƙasashe don su ɗanɗana. Garin ya sake turnuƙewa da hayaƙi, yara suka ƙaru a makarantar Effie.

Yana da shekara hamsin da 'yan kai, wata safiya ta lokacin sanyi, ya zame a gangaren ƙofar sito inda ruwa ya daskare. Ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta bugi siminti. Ya suma na ɗan lokaci, aka ɗinke masa kai, aka ce ya huta a gida. Kowa ya ce Allah ya kiyaye, abin ya zo da sauƙi. Shi ma haka ya ɗauka. Abinci ya daina yi masa daɗi, amma ya ɗora laifin a kan magungunan da yake sha.

Ran nan Effie ta ɗora burodin kasko a wuta, ta fita kwashe shanya don hadari ya taso, maƙwabciya ta tsare ta da surutu. Lachlan yana zaune a kicin ɗin, ya ba murhu baya yana duba jarida. Sai ji ya yi an banko ƙofa, Effie ta shigo tana tari.

"Lachlan! Gida zai kama da wuta kana zaune?"

Ya waiwaya. Kicin ɗin ya cika da baƙin hayaƙi har ba a ganin taga sosai. Ya ja numfashi da ƙarfi. Idonsa ya yi yaji, maƙogwaronsa ya yi ƙaiƙayi, amma a hancinsa iska ce kawai, mai ɗumi. Ya sake ja. Babu komai.

Ya miƙe. Ya jawo kujera ya taka, ya sauko da kwalbar sabuwar shekara, ya buɗe ya kai hanci. Ya fita da silifas ya gangara bakin teku inda ciyawa ke ruɓewa, wurin da ko kare ba ya son tsayawa, ya durƙusa ya tona da hannu ya kai fuska. Effie ta biyo shi da rigar sanyi ta same shi a durƙushe cikin yayyafi.

"Mene ne, Baban Mairead? Yi mini magana."

"Babu, Effie," ya ce. "Duk an kwashe."

Suka hau jirgin ruwa suka je babban asibiti. Likitan ya yi masa hoton kai, ya zaunar da su ya yi bayani a hankali. Jijiyoyin da ke kai ƙamshi daga hanci zuwa ƙwaƙwalwa sirara ne kamar gashi, buguwar ce ta tsinke su.

"To a ɗinke mana," in ji Lachlan.

"Ba a ɗinke su, Baba. Wasu mutane nasu yakan dawo da kansa, wasu ba ya dawowa."

"Ni wanne ne a ciki?"

"Ban sani ba."

"To me zan yi?"

"Jira za ka yi. Ka riƙa sansana abubuwa masu ƙarfi safe da yamma, wataƙila ya taimaka."

Effie ta jera masa ƙananan kwalabe a kan taga: kanumfari, ɓawon lemun tsami, garin kofi, man goge takalmi. Safe da yamma yana bin su ɗaya ɗaya kamar mai ibada. Bayan wasu watanni, wata safiya ya ji wani abu, har ya ƙwala mata kira. Amma ƙaurin ƙonanniyar roba ne, kuma a komai yake. Shayi roba, romon rago roba, matashin kai roba, gashin Effie roba. Ya rame don ba ya iya cin abinci. Daga baya wannan ma ya ɗauke, kuma abin da ya ba shi mamaki shi ne har kewar ƙaurin ya yi.

A wurin aiki bai faɗa wa kowa ba. Kullum yana cewa gobe zai dawo, me zai sa ya tayar da hankalin mutane? Amma lokacin zaɓen gangunan da za a ɗura a kwalba ya matso, Rhona kuma tana jiran bakinsa. Wata yamma ya dawo gida da 'yan ƙananan kwalabe a aljihu, ya jera su a kan teburin cin abinci, ya zauna yana kallon su. Effie ta tsaya a kansa da ludayi a hannu.

"Shekara nawa ina hana kwalba shiga gidan nan, yau ka kawo mini har da 'ya'yanta?"

Bai ɗago ba. Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa, inda tabon ɗinki yake. Sai ta ajiye ludayin, ta goge hannu, ta jawo kujera.

"Ba zan sha ba, ka ji na faɗa maka. Miƙo."

Ya koya mata yadda Ruari ya koya masa, daga nesa, baki a ɗan buɗe. Ta sansana ta farko ta kawar da kai.

"Tir! Safarka ce wannan, ranar da ka dawo daga fadama."

"Me ke bayanta?"

"Wai har akwai na baya?" Ta sake gwadawa. "To, akwai ɗan man shanu. Kamar an soya shi ya fara ja."

Ta biyu ta ce kamar cikin akwatin kayan Innarta, da zabibi a ƙasa. Ta uku ta ce ɗakin jiran likita ne aka soya naman alade a ciki. Lachlan ya yi dariya, karo na farko tun faɗuwarsa, har da hawaye. Ya san tarihin kowace ganga, itacen da aka yi ta da shi da kusurwar da take kwance, saboda haka idan ya haɗa da maganar Effie yakan gane inda aka dosa. Haka suka yi ta yi. Amma idan ta rufe ido tana lalube, shi sai dai ya zuba wa fuskarta ido, kamar mai azumi yana kallon masu ci. Wani lokaci yakan kurɓi abin da ta rage a kofin. Zafi ne kawai da ɗan ɗaci, ya wuce maƙogwaro, ba abin da ke juyowa.

Akwai wata ganga da Effie ta ce, "Hayaƙi ne sosai, kamar an kyasta ashana." Ya ɗauka hayaƙin moine take nufi, ya sa gangar cikin zaɓaɓɓu. Ashe itacen gangar ne ya ɓaci, wiskin ya ɗauki warin kibiritu, wato farar wuta, irin wanda a da tun daga bakin ƙofa zai ji shi. Rhona ta kira shi sito bayan ma'aikata sun tafi cin abincin rana. Ta miƙa masa kofi.

"Baba Lachlan, sansana mini wannan."

Ya karɓa, ya kai hanci, ya riƙe. Yana iya yin cinta, ya san kalmomin da ake faɗa. Ya dubi kofin ya dube ta.

"Ba na jin komai, Rhona. Tun faɗuwar nan."

Ta zauna a kan wata ganga, ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Na yi zargi. A da idan ka kai hanci rufe ido kake yi. Yanzu fuskata kake kallo."

"Da kin faɗa."

"Ina ta fatan ƙarya nake yi wa kaina."

Ba ta kore shi ba, kuma ba ta bari maganar ta fita da muni ba, ko da yake a gari irin Ardvellan kafin Lahadi kowa ya ji. Ta ce ya riƙa zagayawa da baƙi, tunda ba wanda ya kai shi sanin wurin. Aka ba shi riga mai tambarin kamfani. Kullum yakan tsaya a gaban mutane goma sha, ya zuƙo musu daga ganga, ya ce su sa hanci daga nesa. Ya gaya musu za su ji kwalta da gishiri da ciyawar teku, su jira zaƙin da ke ƙasa. Su kuwa sai su yi ta gyaɗa kai suna murna.

Wata rana wani dattijo da ya zo daga Sweden ya riƙe masa hannu bayan an gama. Ya ce shekara da shekaru yana tara kuɗin wannan tafiya, kuma bai taɓa ɗanɗana abu irin wannan ba. Idanunsa har sun kawo ruwa. Ya ce, "Kai fa, malam, kai da kake tare da shi kullum, me kake ji a cikinsa?"

Lachlan ya ɗaga kofin ya faɗi abin da ya saba faɗa. Yana cikin faɗa sai ya lura da wani abu da ya tsorata shi. A da idan ya ce kwalta, yakan tuna yadda kwalta take a hanci, ko da ba ya jin ta. Yanzu ya laluba bai samu ba. Kalmar ce kawai ta rage. Ya ƙarasa maganar, baƙon ya yi godiya ya tafi, shi kuma ya wanke kofuna ya jera su.

Effie ta yi ritaya, shi ma ya bi ta bayan 'yan shekaru. Ta ci gaba da yi masa girki mai yaji da gishiri, da abubuwa masu ƙaras-ƙaras, don ta gane su ne bakinsa ke iya ganewa. Ita ce mai sansana madara ta ce ta lalace, ita ce mai ce masa ya canja riga. Wata bazara ta fara haki idan ta hau tudun coci. Aka ce zuciya ce. Aka ba ta magani, aka sa mata ranar tiyata, ba ta kai ranar ba. Da rana tsaka ta rasu, a kujerarta, da saƙa a cinya.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Mairead tana tattara kayan uwarta, ta ciro rigar sanyinta daga bayan ƙofa ta cusa fuska a ciki, ta fashe da kuka.

"Baba, ƙamshinta yana nan! Sabulunta, da girki, duk yana nan. Ungo, ji."

Ta miƙa masa kafin ta tuna. Ya ga lokacin da ta tuna, ya ga ta so janye hannu, sai ya karɓa don kada ta ji kunya. Ya kai rigar fuskarsa ya daɗe. Ulu ne, yana ɗan sosa kumatu.

"Haka ne," ya ce. "Yana nan."

Ya zauna shi kaɗai a gidan, ya ce zai iya. Sau biyu ya ci naman da ya lalace ya kwanta ciwon ciki. Rannan kuma maƙwabciyarsa ta shigo kawo masa ƙwai, tun daga ƙofa ta toshe hanci ta ruga ta kashe murhun gas, ta buɗe tagogi, ta jawo shi waje. Tun safe gas ɗin ke fita, shi kuwa yana zaune yana neman ashana zai dafa shayi. A ranar ta buga wa Mairead waya.

Mairead ta zo a jirgin farko da ta samu. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna kusa da shi ta ce, "Baba, ba zan iya barci a can ba ina tunanin abin da zan ji. Akwai ɗaki a wurinmu."

"A sa mini murhun lantarki mana. A sa ƙararrawa."

"Za a sa. Naman fa? Madarar fa? Idan waya ta fara ƙonewa a bango fa?"

Ya dubi tagar da ke kallon fadama ya ce, "To."

Rhona da ma'aikata suka yi masa taron sallama a sito. Aka buɗe ɗaya daga cikin tsofaffin gangunan da suka rage, aka zuba wa kowa. Yana kallon su suna rufe ido, wani matashi har yana girgiza kai don daɗi. Aka juyo ana jiran ya ce wani abu. Ya kurɓa, ya bar shi a harshe, ya haɗiye.

"Yana da ɗumi," ya ce. Aka yi dariya, ana tsammanin wasa yake yi. Rhona ce kaɗai ba ta yi ba.

Ranar tafiya, sun riga sun kwashe kaya sun ba sabon mai gida makulli, suka isa tasha aka ce iska ta yi yawa, jirgi ba zai zo ba. Suka zauna a mota suna kallon igiyar ruwa tana dukan bango, gilashi yana ta rawa. Daga baya suka koma gidan maƙwabciya suka kwana, yana hango tagogin gidansa ba labule. Washegari iska ta kwanta, suka haye.

Yanzu yana Paisley, a bene na uku, a ɗakin da ke kallon tashar bas. Mairead na kula da shi, mijinta mutumin kirki ne, ba abin da ya rasa. Ba ya yawan magana. A ƙasan benen akwai wata tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana da wani tsohon kare mai dogayen kunnuwa wanda ido ɗaya ya mutu. Lachlan ne ya ce zai riƙa fita da shi. Zagayen da bai kamata ya wuce ɗan lokaci ba yakan cinye musu rabin safiya, domin karen ba ya wuce gindin fitila ko tayar mota ko bakin kwata bai tsaya ya sa hanci ba, Lachlan kuwa ba ya jan igiya.

Tsohuwar takan leƙo ta taga ta ce, "Dattijo, ja shi mana! Sanyi zai kama ku."

Shi kuma ya ɗaga mata hannu ya ce, "Bar shi, bai gama ba."